Gidajen da Yaya Dunoma Ya Zana

Sabon Zango, ta Gwiwa
14 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Dunoma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ya aiki, ya zafin Kazaure? Mu nan sai godiya.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali lambarka tana wayata. Dalili shi ne duk sanda na kira ka, kafin in kai tsakiyar magana ka riga ka ba ni amsa. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Na ba Mamuda direba, tunda kullum yana wucewa ta ƙofar ofishinku.

Kada ka ɗauka ban san darajar abin da ka yi ba. Tun da ambaliya ta cinye mana Tsohon Zango muke kwana a ajujuwan makaranta, har ƙungiyar agajin nan ta zo da maganar gina sabon gari, kuma Allah Ya sa kai ɗan gida aka ba zanen. Ga famfo, ga makewayi a kowane gida, ga rufin da ba ya yoyo. Amma Yaya, mutanen nan ba su da lafiya, kuma ba cutar asibiti ba ce.

Da muka tare na zaci katanga za ta biyo baya. Sai mai kula da unguwar ya ce mini haka zanen yake. Gidaje farare tas a jere, duka iri ɗaya, duka suna kallon titi, kowanne da manyan tagogi. A da mace tana wuni a tsakar gida, ta yi daka, ta yi kitso, ta yi hira da maƙwabciya ta kan katanga. Yanzu idan ta fito da turmi, duk mai babur da ya gifta sai ya gan ta. Mazan sun ce a koma ciki. Matan sun rataye zannuwa a tagogin. Ka yi tagogi don haske, ga shi muna zaune cikin duhu da zafin kwano, a kulle fiye da yadda muke a da.

Sai kuma ƙuri'ar da aka yi wajen raba gidaje. Ma'u, wadda muka tashi katanga ɗaya, an jefa ta can ƙarshen gari cikin mutanen da ba ta saba da su ba. Kullum sai ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, an auna ta a Gwiwa ba a ga komai ba. Yaran ajina suna zuwa da gyangyaɗi, idan na tambaya su ce iyayensu ne suka yi faɗa. Mutanen da ban taɓa jin muryarsu a sama ba, yanzu daga ɗakina nake jin su.

Amma don Baba na ɗauki biro. Ka san shi da zaurensa: mai neman shawara ya zo, masu rigimar iyakar gona su zo, baƙo ya sauka. Nan babu zaure. Falon da ka yi yana tsakiyar gida, duk namijin da zai shiga sai ya ratsa inda nake girki, don haka ba mai zuwa. Da safe sai ya ɗauki buzunsa ya fita neman inuwa, ga shi duk bishiyoyin an sare lokacin share fili. Ya kai ƙarshen layi ya dawo, ya zauna, ya kunna rediyo, ya kashe, ya sake tashi. Ni kaina ganinsa yana hana ni zama.

Wasu sun kewaye bayan gidajensu da zana. Mai kula da unguwa ya ce a cire kafin manyan baƙi su zo bikin buɗewa. Don Allah ka yi masa magana ya bar mutane.

Ka huta lafiya. Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Zara

*

Kazaure
19 ga Afrilu

Ƙanwata Zara,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na karanta har sau biyu ba tare da na katse ki ba. Ki gaishe mini da Baba da kyau.

Akwai abin da ke ba ki gani ba, domin a lokacin kina goye a bayan Gwaggo Bintu. Inna ta kwana biyu tana naƙuda a bayan katanga uku, ba wanda ya sani a waje sai waɗanda suka ce a ƙara haƙuri. Da aka yarda a nemo mota daga Gwiwa, motar ta tsaya a bakin lungu, ba ta iya shiga. A kan ƙyauren ɗaki aka ɗauko ta, maza huɗu suna karkata shi a kowace kwana saboda ƙuncin hanya. Ni ina biye da su riƙe da takalmanta. Ba ta kai gindin kukar bakin gari ba.

Tun ranar na tsani lungu, na tsani katangar da take ɓoye mace har ta mutu ba a sani ba. Shi ya sa na karanta zanen gine-gine, ba don son farin fenti ba. Kowane gida a Sabon Zango mota tana iya tsayawa a ƙofarsa. Idan aka daki mace, maƙwabta za su ji. Idan yaro ya kwanta ciwo, ma'aikaciyar lafiya ba sai ta nemi izinin mai zaure ba kafin ta gan shi. Ƙuri'a kuwa ni na nace a yi, don kada masu faɗa a ji su kwashe gidajen bakin hanya su bar wa zawarawa na baya.

Zana tana kama wuta, kin sani, kuma gidajen suna kusa da juna. Ba zan iya cewa a bar ta ba. Mun shuka dogon yaro a kowane layi, nan da 'yan shekaru za ki ga inuwa. Duk wanda ya bar inda ya saba sai ya ji baƙunta, har wanda ya koma inda ya fi. Ki ba su lokaci. Zan sa a kawo wa Baba kujera mai laima ya riƙa zama a ƙofar gida.

Yanzu haka ina kan zanen gari na biyu da za a yi a wajen Roni, shi ya hana ni leƙowa. Da na samu sarari zan zo.

Ki kula da kanki.

Yayanki,
Dunoma

*

Kazaure
20 ga Afrilu

Zuwa ga Malamina, Malam Jalaluddeen,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma, ina fatan jiki ya yi sauƙi. Na san kunne ba ya barin ka jin waya, shi ya sa na rubuto, kamar yadda muka saba tun ka bar koyarwa.

Jiya na ba ƙanwata amsa mai ƙarfi a kan ƙorafin mutanen Sabon Zango, amma tun da na miƙa takardar na kasa zama wuri ɗaya. Ta ce mata sun toshe tagogi da zannuwa, maza sun daina ziyartar juna, mahaifina yana yawo a layi kamar mai neman abin da ya yar. Na gaya mata sabo ne zai gyara. Ban tabbata na yarda da abin da na rubuta ba.

Kai ka koya mana cewa haske da iska da miƙaƙƙiyar hanya haƙƙin talaka ne. Na bi wannan ban kauce ba. To me ya sa mutanen da na yi wa suke neman abin da za su lulluɓe kansu da shi? Kafin in sa hannu a zanen Roni ina son jin ta bakinka.

Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗalibinka,
Dunoma Hussain

*

Kazaure
2 ga Mayu

Dunoma, ɗana,

Aminci ya tabbata a gare ka. Na ji daɗin takardarka, ban ji daɗin rawar da na ji a cikinta ba.

Da alama ka ɗauki rabin darasina ka bar rabi a aji. Haske da iska su ne abin da ake faɗa wa masu ba da aiki. Asalin maganar ta fi haka zurfi. Maginan da suka fara wannan salo a Turai, bayan yaƙe-yaƙe sun rusa musu birane, ba gidaje kaɗai suke son sakewa ba, mutum suke son sakewa. Sun lura tsohon gini yana renon tsohon hali: kowa ya san matsayinsa tun daga ƙofar da yake shiga. Sai suka ce a share fili, a cire ado, a yi wa kowa iri ɗaya, don a samu mutanen da ba sa rusuna wa kowa saboda girman soronsa. Da yawansu sun yi kuskure a wurare, amma niyyar ba kuskure ba ce.

Dubi namu. Babban gida irin na gargajiya ƙaramar masarauta ce. Maigida yana zaure, ba mai shiga ba mai fita sai da saninsa. 'Ya'yansa maza su yi furfura suna ƙarƙashinsa, matansu ba su da ƙofar kansu. Zaure wurin karɓar baƙo ne, na yarda, amma kuma shingen bincike ne. Ka cire shi, ka cire katanga, ka raba wa da ƙani zuwa layi daban-daban, cikin tsara ɗaya za ka samu saurayin da yake yanke shawarar gidansa da kansa, da yarinyar da ta tashi tana ganin titi. Wa'azi bai yi wannan ba, doka ba ta yi ba. Bulo da siminti suna iya yi, kuma ba sa gajiya.

Tsarar farko za ta sha wuya. Za su yi rashin barci, za su yi faɗa, wasu za su ƙi wurin har su mutu. Wannan ba alamar zanen ya lalace ba ne, alamar yana aiki ne. Ina girmama mahaifinka, amma ka daure ka ji: ba don shi aka yi gidan nan ba. Don jikokinsa aka yi.

Kada ka taɓa layi ko ɗaya a zanen Roni.

Allah Ya yi maka jagora.

Malaminka,
Jalaluddeen

*

Sabon Zango
11 ga Yuni

Yaya Dunoma,

Salamu alaikum, ina gaisuwa. Ruwa ya sauka, an yi shuka. Labari biyu gare ni, zan fara da wanda zai yi maka daɗi don kada ka ce ba na adalci.

Makon jiya haihuwa ta zo wa Khadijat ta layinmu da gardama. Ni na ji nishinta daga ɗakina, na fita na kira Mamuda. Har bakin ƙofarta ya kawo mota, ba a ɗauke ta a kan komai ba, taku kaɗan ta yi aka sa ta ciki. An yi mata aiki, ita da jaririyar suna raye. Da motar ta tashi na tsaya ina kallon titin nan naka, na tuna abin da ka rubuto game da Inna, na yi kuka. Kana da gaskiyarka.

Na biyun kuma. Ka san idon Baba ya yi rauni. Ashe tsohon turmin da na ajiye a ƙofarmu da shi yake gane gida, ban sani ba. Mai kula da unguwa ya bi layi ya sa an kwashe duk wani tarkace saboda baƙi, har da turmin, har da kujerar da ka aiko wadda bai taɓa zama a kai ba. Ranar Talata Baba ya dawo daga sallar azahar, rana tana dukan farin bangon nan har ido ba ya buɗuwa. Ya tura ƙofa ya shiga, yana zaton gidansa ne. Gidan maƙwabcinmu Lauwali ne. Amaryarsa Sadiyya tana falo da ɗaurin ƙirji saboda zafi. Ta ƙwalla ƙara. Lauwali ya fito daga baya da gudu yana zagi, bai ga ko waye ba sai da ya riƙe masa riga.

Da a Tsohon Zango ne, da maganar ta tsaya a cikin gida. Nan kuwa ba abin da ya tare ido. Layin gaba ɗaya ya fito. Kowa ya ga Baba a tsaye a ƙofar wani, hularsa a ƙasa, yana waige-waige yana neman tasa ƙofar.

Lauwali ya zo da yamma ya durƙusa yana ba da haƙuri, har da hawaye. Baba ya ce masa, "Tashi, ba ka yi laifi ba. Mutum ya kare iyalinsa." Daga nan bai ƙara fita ba, ko masallaci. Yana ɗaki yana kai da kawowa tsakanin bango da bango, ina jin takunsa.

Jiya da safe na gan shi da jaka. Na ce, "Baba, ina za ka?"

Ya ce, "Babura, wurin Bintu."

Na ce, "Yaushe za ka dawo?"

Ya ce, "Zara, na tsufa a garin da ko makaho ya san ƙofata. Yanzu ni ne ban san ta ba. Ki gaida yayanki, ki ce na gode da gida."

Ba gatse a muryarsa, shi ya fi ci mini rai. Na raka shi bakin hanya har ya samu mota.

Ba na neman amsa a takarda. Ka zo.

Zara

*

Sabon Zango
6 ga Yuli

Malam, ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa tare da neman afuwar jinkiri. Daga gidan mahaifina nake rubuto maka, a ɗakin da ya bari. Ƙanwata ta kira ni bayan wani abin kunya da ya same shi, ya shiga gidan maƙwabci bisa kuskure saboda gidajen duka ɗaya ne, ya bar garin. Na ɗauki hutu na zo na zauna.

Ban taɓa kwana a gidan da na zana ba sai wannan karon. Zan faɗa maka abin da na gani a jikina, ba a jikin wasu ba. Na lura duk inda na zauna a falo sai na juya wa taga baya. Na lura ina rage murya idan ina magana da ƙanwata, ko da maganar gishiri ce. Ba inda mutum zai tsaya ya kasance ba a ciki ba kuma ba a waje ba: ko kana kulle a ɗaki, ko kana gaban kowa. Idan na gaji da ɗaya na koma ɗayan, sai in ga na wuni ina shiga ina fita. Kuma ni da na ja layukan nan da hannuna, na kama kaina ina duba lambar ƙofa kafin in tura.

Shekaranjiya na koma Kazaure taro da wakilin ƙungiyar da wani jami'in gwamnati. Na kawo shawarar a bar mutane su yi katanga, a kuma gina zaure ɗaya a bakin kowane layi. Wakilin ya buɗe mini hoton garin da aka ɗauka daga sama da ɗan jirgin nan mai kyamara. Fari tas, layuka kamar an ja da rula, ba mutum ko ɗaya a ciki. Ya ce wannan hoton ne yake sa masu taimako a ƙasashen waje su sake buɗe hannu, katanga za ta mai da garin ƙauye kamar kowane ƙauye. Jami'in kuma ya ce a irin wannan zamani gara gari ya zama a buɗe, a san wanda ya shigo da inda ya kwana.

Na fito ina lissafi. Ni na cire katanga saboda mahaifiyata. Kai kana son a cire don a sake halin mutane. Wancan don hoto, wannan don sa ido. Dalilai huɗu, bango ɗaya, kuma a cikinmu ba wanda zai kwana a gidan.

Malam, na saɓa maka. Na sake zanen Roni. Na bar faɗin titi yadda yake, ba zan taɓa ja da baya a kan wannan ba. Amma na sa tsakar gida da katanga da ƙaramin zaure, na kuma rubuta cewa a bar dangi su zaɓi maƙwabtansu. An ce in mayar da shi yadda yake ko in miƙa wa wani.

Ina neman addu'arka ko da ban samu yardarka ba.

Ɗalibinka,
Dunoma

*

Kazaure
15 ga Yuli

Dunoma,

Aminci a gare ka. Addu'a kana da ita kullum. Yarda kuwa babu.

Ka ce a cikinmu ba mai kwana a irin gidan. Ka manta inda nake zaune. Gidan nan na kan dutse ni na zana shi, babu zaure, babu katanga, gilashi ta ko'ina. A ciki na aurar da 'ya'yana, a ciki matata ta rasu. Na san nauyinsa fiye da kai. Baƙo ba ya daɗewa, 'yan'uwana sun daina sauka tun da daɗewa, wani lokaci sai in wuni ban yi magana da kowa ba. Amma 'ya'yana mata uku sun tashi ba sa sunkuyar da kai idan suna magana, ɗaya likita ce yanzu. Na auna, na zaɓa, ban yi nadama ba.

Za ka ce ni na zaɓa, su kuwa zaɓa musu aka yi. Na yi ta juya wannan tun da takardarka ta zo, ban samu amsar da ta gamsar da ni ba. Sai dai na san matan da ke bayan katanga su ma ba su suka zaɓa ba.

Idan ka shigo gari ka hawo mu sha shayi. Za mu yi gardama.

Jalaluddeen

*

Kazaure
9 ga Agusta

Ƙanwata Zara,

Salamu alaikum. Ina fatan kin wuni lafiya, ya yara, ya damina?

An karɓe aikin Roni daga hannuna. Wani abokin aikina aka ba, kuma tsohon zanen za a bi, wato za a sake yin wani Sabon Zangon da sunana a ƙasan takarda. Na yi iya ƙoƙarina ban hana ba. Abu ɗaya na samo: tunda an yi bikin buɗewa an ɗauki hotuna, ba wanda zai ƙara hana ku gina katanga, muddin ba a ci titi ba. Ki sanar da mutane.

Jiya na je Babura. Na tarar da Baba a zauren mijin Gwaggo Bintu, ana ta hira, shi yana gefe kusa da ƙofa kamar mai jiran a sallame shi. Ya rame. Gwaggo ta ce nan ma ba ya zama, da an yi la'asar sai ya fita ya tsaya bakin hanyar da motocin Gwiwa suke bi, ya dawo.

Da mutane suka watse na matsa na gaishe shi. Ya tambayi aiki, na gaya masa gaskiya. Ya ce, "Saboda ni?"

Na ce, "Saboda na kwana a ɗakinka, Baba."

Sai na fara yi masa bayanin Inna da lungun, don ya san ba raini ya sa na yi abin da na yi ba. Ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Kai takalmi ka riƙe. Ni ina gaban ƙyauren. Kana tsammanin akwai ranar da ban faɗaɗa lungun nan a zuciyata ba? Titi ka yi daidai, Allah Ya yi maka albarka. Amma sauran, Dunoma, ka gina mana gari kamar dukanmu masu laifi ne da za a tsare da ido."

Na ce masa zan tayar da katanga a gidansa, in yi masa zaure mai kallon titi, da hannuna. Na ce idan na gama zai dawo? Ya leƙa waje, hadari yana haɗuwa ta gabas, ya tambaye ni ko geron gonarmu ya fara fitar da kai. Na ce ban duba ba. Ya ce, "To ka duba."

Ranar Asabar zan shigo da bulo a motar Mamuda. Na yi magana da Lauwali, ya ce shi zai kwaɓa siminti, kuma kada a ce za a ba shi komai. Ban san me zan yi da kaina bayan wannan ba, kuma gaskiya ba na iya zama a Kazaure yanzu. Ki share mini ɗaki.

Sai na zo.

Yayanki,
Dunoma

*

Sabon Zango
3 ga Satumba

Yaya,

Salamu alaikum. Mamuda ya ce sai jibi za ka dawo da kwanon rufi, shi ya sa na aiko wannan ta riga ka.

Gwaggo ta yi waya. Baba zai zo ranar Juma'a bayan masallaci, ya ce yana son ganin zauren kafin a rufa shi. Na tambaye ta ko da jakarsa zai taho, ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta tambaya ba.

Kai ma kada ka tambaya. Kada ka ɗauko masa zane, kada ka yi masa bayani. Ka bar shi ya shiga ya fita, ya taɓa bango, ya tsaya inda yake so. Idan ya ce ba nan ƙofa za ta kasance ba, ka yi shiru ka ɗauko guduma.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Zara